Jinjina ga Jan Fenti, Mai Rabon Iskar Kwatano

Ranka ya daɗe Jan Fenti, ɗan gatan masu tsara birni, mai magana ɗaya. A duk ma'aikatan da hukumar Jamhuriyar Benin ta taɓa ɗauka, ban ga wanda ya kai ka cika aiki ba. Takardar talaka takan kwana a kan tebur har ta yi ƙura, amma kai layi biyu kawai kake ja a jikin bango, ɗaya ya gitta ɗaya, shi ke nan an gama shari'a. Ba ka neman tafinta. Ɗan Fon da Bayarabe da Bahaushe da Bazabarme, wanda ya yi lakwal da wanda bai taɓa zama a aji ba, kowa yana karanta rubutunka daga nesa, gabansa ya faɗi.

Mun ga gwanintarka a ƙarshen 2016, watanni kaɗan bayan hawan Shugaba Patrice Talon, lokacin da ka bi titunan Kwatano kana shafa wa rumfuna alama. Da Janairun 2017 ya kama, perefen Littoral na wancan lokaci, Modeste Toboula, ya fito da katafila ta bi sawunka. Rumfar mai shayi ta tafi, teburin mai tsire ya tafi, shagon kwano na mai gyaran rediyo ya tafi, barandar da mutum ya ƙara a gaban gidansa ita ma ta tafi. Har sahun Juma'a da ke malalowa daga masallaci zuwa kan titi sai da aka yi dambarwa a kansa. Titi ya buɗe, wannan gaskiya ne, kuma mai tafiya a ƙasa ya sami wurin taka ƙafa. Waɗanda suka rasa abin da suke ciyar da iyali da shi kuwa, ba ka tsaya ƙirga su ba, don babban ma'aikaci ba ya waiwaye.

To amma ba saboda rumfuna na ɗauki alƙalami ba. Akwai wata bajinta taka da ba a rubuta ta a jarida ba, wadda ta fi rushe shago wuya nesa ba kusa ba. Ka raba iska. Abin da sarakunan Abomey ba su yi ba, abin da Faransawa ba su yi tunaninsa ba, kai ka yi shi ba tare da ka zartar da doka ko guda a kansa ba.

Kwatano gari ne a kan yashi, teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa. Mafi yawan shekara iska daga kudu maso yamma take tasowa, ta ratso ruwa babu abin da ya tare ta, ta sauka a gaɓa. Masu awon yanayi suna sa gudunta a bakin tekun Benin tsakanin mita 4 da 6 a kowane sakan, alhali in ka nausa arewa wajen Parakou da Kandi ba ta kai rabin haka a yawancin lokaci. Ba irin iskar tafkin Turkana ba ce a Kenya, inda aka jera injuna 365 suna ba da megawat 310. Tamu matsakaiciya ce. Amma ta isa ta juya ƙaramin injin iska na gida ɗaya ko na shago biyar, kuma tana da wata ɗabi'a mai kyau: lokacin da ta fi kaɗawa, daga Yuli zuwa Satumba, shi ne lokacin da gajimare ke rufe sama kwana da kwanaki, farantin sola ya yi la'asar. Wanda ya haɗa su biyu a kan batir ɗaya, in wannan ya gaza wancan ya riƙe shi.

Sai dai iska tana da lissafinta, kuma lissafin ba ya da tausayi. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Ɗauki injin da fukafukansa ke zana da'ira mai faɗin mita 3. A iskar mita 5 zai ba ka wuta kusan wat 150, dare da rana, abin da zai riƙe ƙwayaye da cajin wayoyi da ƙaramin firji. Kai wannan injin ɗin wurin da iska ta sauka zuwa mita 3, sai ka ga da ƙyar yake ba da wat 35. Inji ɗaya, kuɗi ɗaya, amma bambancin wuri ya cinye kashi uku cikin huɗu na amfaninsa. Shi ya sa masu wannan sana'a suke cewa a ɗaga injin ya zarce duk wani gini ko itace da ke kewaye da shi, cikin tazarar mita 150, da kamar mita 9. A Ingila an gwada manna ƙananan injuna a jikin gidajen cikin gari a shekarun 2007 da 2008, a gwajin da aka yi a yankin Warwick, sakamakon ya zo abin kunya, don iskar da ta bugi bango ta karkace ba ta da abin da za ta bayar.

Abu biyu ke nan injin iska yake nema a duniya: buɗaɗɗen fili da tsawo. Kuma su biyun nan, Allah ya ja zamaninka, a aljihunka suke.

Daga babban masallacin Zongo zuwa teku tafiyar ƙafa ce. Amma iskar da ta baro ruwa sai ta haye katangar tashar jiragen ruwa, ta haye tarin kwantenoni, ta ratsa benaye da manyan motocin da ke jiran lodi, kafin ta iso lungunanmu a gajiye, tana ɗauke da ƙura da warin gas. Mu a Zongo ragowa muke samu. Iskar gaske tana can gaɓa, daga bakin mashigin ruwa zuwa Fidjrossè, ta bi Hanyar Masunta har Ouidah, wajen kilomita arba'in. A nan ne hikimarka ta bayyana.

Xwlacodji unguwar masunta ce, tana cikin tsofaffin matsugunan garin nan, kuma da ita da Zongo-Nima da Zongo-Ehuzu duk a gunduma ta 5 suke. Maƙwabtanmu ne. A 2021 ka kai musu ziyara, aka share wurin domin gina cibiyar ofisoshi da kasuwanci. An ba wasu kuɗi da filaye can wajen gari, nesa da inda kwalekwalensu ya saba sauka. A Satumban wannan shekarar ka sauka a Fiyégnon 1, kusa da Fidjrossè, katafila ta bi gidaje. Aikin ya shafi Avlékété da Djègbadji ma saboda manyan wuraren shaƙatawa na masu yawon buɗe ido. A Disamban 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa dubban mutane aka tasa daga gaɓar, da yawansu babu isasshen gargaɗi, babu isasshiyar diyya. A wasu wuraren abin da ya maye gurbinsu itatuwan kwakwa ne. Madalla da wannan zaɓi! Kwakwa ba ta neman lantarki, ba ta da ɗan makaranta da zai yi bitar karatu da dare, ba ta da kifin da zai ruɓe in babu ƙanƙara. Ka duba duk halittun Allah ka zaɓi wadda ba ta da abin yi da iska sai rausaya, ka ba ta wuri mafi iska a ƙasar.

Kada wani ya ce kana ƙin tsawo. A ranar 30 ga Yulin 2022 an buɗe mutum-mutumin jarumar Dahomey a bakin babban titin Marina, mita 30 cif, tana riƙe da makamanta. Ba ni da faɗa da ita, tarihin mutanen ƙasar nan ne, kuma sun isa su yi alfahari da shi. Otal-otal ma sun tashi a layin, tagoginsu a rufe ruf, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, don baƙo bai zo daga Turai ya sha iskar da ba a tace ba. Ka nuna mana cewa yashin gaɓa yana iya ɗaukar ƙarfe mai nauyi da tsayi, kuma injiniyoyi sun san yadda ake kafa shi. Saura turken mita 15 na ƙungiyar mata masu ƙyafe kifi, shi ne har yanzu taswirarka ba ta sami inda za ta sa shi ba.

Shi kuwa perefen da ya riƙe maka goga a 2017, a 2019 aka tuɓe shi, aka gurfanar da shi gaban kotu a kan maganar filayen gwamnati. Kai ko gezau. Masu riƙe ka suna zuwa suna wucewa, kai kana nan da launinka.

Mu kuma ba ka bar mu hannu rabbana ba, ka bar mana janareta. Duk mai son ganin kyautar da ka yi mana ya shigo Zongo a goman ƙarshe na azumi, daren da wuta ta ɗauke. Tela yana da ɗinkin Sallah jibge har rufi, shaddoji da atamfofin mutane, kowa da ranar da aka yi masa alkawari. Ya aiki yaronsa da gora bakin titi, wurin mai kpayo, fetur ɗin da aka tsallako da shi daga Nijeriya, ana zuba shi daga ƙatuwar kwalba ta cikin mazurari da aka ɗaura wa ƙyalle. Yaro ya dawo, a ɗiga baƙin mai a ciki a girgiza, a ɗura. Ya taka injin da ƙafa, ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu, sai a na biyar ya kama da tari. Ba za a bar shi a waje ba saboda ɓarayi, don haka a soro ake ajiye shi, a ɗaure da sarƙa, bututun hayaƙinsa yana kallon tsakar gida. A ɗakin da ke jikin soron akwai mai jego da jaririnta. Shuɗin hayaƙin da ake gani yana sa tari da jan ido. Wanda ba a gani, wanda ba shi da wari, shi ne mai kwantar da mutane su ƙi tashi, kuma kowane gari a Afirka ta Yamma yana da labarin gidan da aka buɗe da safe aka tarar da haka.

Shi wannan injin ba wanda ya tambaye shi tsayinsa. Ba a auna tazararsa da katangar maƙwabci, ba a auna ƙararsa, ba a nemi zanen injiniya ba. Man da yake sha ma dokar hukunta laifuka ta 2018 ta haramta cinikinsa, amma yana nan a kwalabe, don dubban gidaje da shi suke ci, har da 'yan acaba masu rawayar riga. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kwalba ya yi tashin gwauron zabi a Kwatano cikin kwanaki, tela ya ji a jikinsa saboda maganar da aka yi a Abuja. A ranar 23 ga Satumban wannan shekarar, rumbun ajiyar irin wannan man ya kama da wuta a Sèmè-Kraké, kan iyaka, mutum sama da talatin suka ƙone, har da jarirai. Wannan shi ne makamashin da tsarinka ya sakar wa mara.

Ga kuma inda na fi sara maka. Janareta yana da mariƙi. Ranar da aka ga alamarka a bango, mutum biyu sun isa su ɗaga shi su sa a bayan babur. Teburin mai kpayo cikin minti biyar an kwashe shi. Farantin sola ma ana iya kwance shi da sukundireba. Injin iska kuwa ba ya gudu. Sai an haƙa rami, an zuba kankare, an kafa turke, an ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa huɗu, sannan a jira shekaru kafin ya mayar da kuɗinsa. Wa zai binne jarinsa a ƙasar da bai tabbata zai kwana a kanta baɗi ba? Yawancin mutanen Zongo haya suke zaune. Izinin gini yana tafiya da takardun fili, ɗan haya kuwa rasit ɗin wata kaɗai gare shi. Wanda ma yake da gidan kansa ya ga abin da ya sami barandar maƙwabcinsa. Ka koya wa birni guda cewa kada ya mallaki abin da ba zai iya ɗauka a ka ba. Da wannan darasin kaɗai ka kashe injin iska, ka kashe duk wani abu mai saiwa, ba ka ɓata tawada ko ɗigo ba.

Takwarorinka na ƙasashen waje su zo su ɗauki karatu. A garuruwa da yawa na Amurka, dokar unguwa ta ce kada wani gini a wurin zaman jama'a ya wuce ƙafa 35, wato ƙasa da mita 11. Dokar ba ta ambaci injin iska ba, amma tunda itatuwan wurin sun fi haka tsawo, duk wanda ya bi ta ya sayi abin ado ne kawai. Mai son ya zarce sai ya nemi izini na musamman, a tara maƙwabta, a yi zama, a ɗaga zama, har ya gaji ya haƙura. A jihar Bavaria ta Jamus, a 2014, aka ce babban injin iska ya nisanci gidaje da ninki goma na tsayinsa, mai mita 200 ya ja da baya kilomita 2, sai ga shi kusan babu sauran wurin kafawa. A Ingila daga 2015 aka ɗaure sharuɗɗan kafa injuna a kan tudu har aikin ya tsaya cik, sai a Yulin 2024 sabuwar gwamnati ta kwance. Duk waɗannan sun wahalar da kansu da majalisa da muhawara da lauyoyi. Kai gwangwani ɗaya da goga sun ishe ka.

Wasunsu ma zuciyarsu ta karye daga baya, abin tausayi. Jihar New Hampshire a 2008 ta yi doka ta ɗaure hannun ƙananan hukumominta: ba su da ikon hana ƙaramin injin iska a ko'ina cikin garinsu gaba ɗaya, ba su da ikon ɗora masa ƙa'idar tsayin gidaje kai tsaye, ba za su nemi ya nisanci iyakar fili da fiye da tsayinsa ɗaya da rabi ba, kuma ba za su sa iyakar ƙara ƙasa da desibel 55 ba. Kalifoniya ta riga ta tun 2001. Faransa kanta, wadda muka gaji harshen ofis da salon takardu daga gare ta, ta ce injin da bai kai mita 12 ba ba ya buƙatar izinin gini, in ba a wuraren da aka keɓe don tarihi ko kare muhalli ba. Dubi irin wannan sakaci! Mutum ya karanta shafi ɗaya ya san abin da aka yarda da wanda aka hana, ya je ya kama aikinsa, bai durƙusa wa kowa ba. Ina kwarjinin hukuma a nan?

Na san abin da kake kare mu daga gare shi. Kana kare mu daga mai walda. Ka san shi, yana nan bayan layin dogo da tabarau baƙi da hannu duk tabo, yana ƙera ƙyauren gida da gadon ƙarfe. Irin injin da wani Bature mai suna Hugh Piggott ya tsara a Sikotilan, wanda ake koyar da ƙirarsa a ƙasashe da dama har da na Afirka, babu abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfin wannan mutum. Cibiyar ƙafar mota daga wurin 'yan gwangwan, faifan ƙarfe biyu a manna musu maganaɗisu, a naɗa wayar tagulla kamar yadda masu gyaran fanka suke naɗawa kullum, a zuba mata danƙon roba ta daskare, kafinta ya sassaƙa fukafukai uku na katako, a yi jela mai karkatar da injin in guguwa ta taso. Abin da ya lalace, wanda ya ƙera shi yana nan unguwa. Kuɗin ya tsaya a hannun mai walda da kafinta da mai naɗin waya da yaransu. Wannan ai barazana ce ga mai shigo da janareta.

Ka tuna William Kamkwamba, yaron Malawi da yunwa ta fitar daga makaranta, ya ga hoton injin iska a littafin laburare, ya haɗa nasa a 2002 da sassan keke da fankar tarakta da sandunan turare, yana ɗan shekara 14. Duniya ta ji labarinsa har aka yi fim. Allah ya rufa masa asiri a ƙauyen Wimbe yake, a filin gidansu. Da a Zongo aka haife shi, da tuni ka cece shi daga wannan shahara, yana nan yana jan igiyar janaretan ubangidansa cikin kwanciyar hankali.

Manyanmu dai, a nan da can gida, ba su ƙi iska ba in ta zo da babbar kwangila. Je ka Lambar Rimi a jihar Katsina ka gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko maganar tun yana gwamna a 2005, gwamnatin tarayya ta karɓa, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa aikin kafa injuna 37, kowanne kilowat 275, jimla megawat 10. A Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai Nuwamban 2013. Aiki ya tsaya, aka shekara fiye da goma ana sa ranar buɗewa ana ɗagawa, matafiya a kan hanyar Kano suna hango fararen turaku a tsaye shiru. Alhali a wannan arewar, tun shekarun 1960, ƙananan injunan iska sun ɗebo wa ƙauyuka ruwa daga rijiya a yankunan Sakkwato da Kano, babu minista, babu yanke kintinkiri. Senegal ta gama nata babban aikin a Taïba N'Diaye, injuna 46, yana aiki, kuma abin a yaba ne. Benin ma ta buɗe tashar Maria-Gléta mai megawat 127 a 2019, ta ƙara da tashar hasken rana ta Illoulofin mai megawat 25 a 2022, kuma duk wanda ya zauna a Kwatano shekarun da suka gabaci haka ya san ɗaukewar wuta ta ragu. Ba na raina wannan. Amma har gobe ƙasar tana jingine da layin da ke zuwa daga Ikeja zuwa Sakété da wanda ke zuwa daga Gana, har gobe mita tana cinye kati, kuma gidaje da yawa a gefen gari da ƙauyukan gaɓa ba su ga waya ba. Muna zaune a bakin rijiya muna sayen ruwan garwa.

A nan yabo ya ƙare mini, don abin yana ci mini rai. Ba cewa nake a bar kowa ya kafa ƙarfe inda ya ga dama ba. Filin jirgin sama na Cadjèhoun a tsakiyar gari yake, dole a kiyaye hanyar sauka da tashi. Turken da ba a kafa da kyau ba zai faɗo kan ɗakin wani. Iskar teku tana da gishiri, tana cin ƙarfe cikin 'yan shekaru in ba a shafe shi ba. Tsawa tana son dogon abu. Kuma ni da kaina ba zan shawarci mutumin da ke tsakiyar Zongo, tsakanin benaye, ya sa kuɗinsa a injin iska ba, sola ta fi masa. Duk waɗannan dalilai ne na a yi doka, ƙarama, a fili, da harshen da mutane ke ji: ga tsayin da ba ya buƙatar izini, ga tazarar da za a bari, ga unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar jirgi, ga wanda zai duba kafin turke, ga kuɗin da za a biya, ga kwanakin da amsa za ta fito. Sama da komai, mutum ya san cewa in ya bi wannan, babu wanda zai zo masa da gwangwani. Dokar lantarki ta 2020 ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu su samar da wuta. Ƙofar ba ta da amfani ga wanda ba shi da inda zai tsaya.

Kuma gaɓar ba ta ƙare ba. A kilomita arba'in na Hanyar Masunta, tsakanin otal da otal, akwai wurin da za a ware wa ƙungiyoyin masunta da masu ƙyafe kifi da masu dafa gishiri na Djègbadji, a ba su takardar zama ta shekaru masu yawa, su kafa injin da zai yi musu ƙanƙara. Sabbin kasuwannin da gwamnati ta gina a Kwatano suna da rufi mai faɗi, makarantu da masallatai da coci-coci na kusa da ruwa suna da harabar da ba ta haya ba ce. Mutanen Zongo, masu walda da 'yan kasuwar batir da masu naɗin waya, su ne za su fara cin moriyar aikin ko da injin ba a kan rufinsu yake juyawa ba.

Ina kira ga kansilolin gunduma ta 5, da limamanmu, da sarakunan Zongo, iyayenmu da ake jin maganarsu a ofishin magajin gari: ku nemi a kafa ma'aunin iska a kan turke uku ko huɗu, ɗaya a tashar masunta, ɗaya a Fidjrossè, ɗaya a kan wani dogon rufi a cikin unguwa, a bar su shekara guda, ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi su riƙa ɗaukar lissafi, a manna sakamakon a ƙofar masallaci kowa ya gani. Kuɗinsa bai kai na hayar katafila ta mako ɗaya ba.